Guguwar rana da garkuwar duniya: abin da kumbuna suka auno, da wanda ya shafe mu a arewacin Kamaru

Wani ɗan'uwa mai sana'ar ɗaura parabol a Marwa ya aiko da tambaya. Ya ce tun da aka yi ta maganar guguwar rana a rediyo cikin watan Mayun 2024, duk lokacin da hoto ya ɗauke a talabijin sai masu gida su ce masa aikin rana ne, wasu har zafin bazara da ɗaukewar wuta suna jingina mata. Yana son ya san ko da gaske duniya na da garkuwar da ke kare ta daga rana, ta yaya aka san da ita tunda ido bai ganinta, kuma ina ruwanmu da ita a nan.

Ɗan'uwa, garkuwar tana nan, kuma an auna ta, an ma ratsa ta da na'urori sau dubbai. Amma yawancin abin da masu gidan ke ɗora wa guguwar rana ba laifinta ba ne. Akwai dai wani abu na gaske da ke faruwa a saman kanmu, mu mutanen Garwa da Marwa da Njamena, wanda bai faruwa a saman Faransa, kuma shi ne ba a cika faɗa a rediyo ba. Sai ka yi haƙuri in bi da kai ta doguwar hanya kafin mu iso gare shi.

A can cikin duniya, daga zurfin kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke juyawa. Motsinsa ke haifar da maganaɗisun da ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Ƙarfin wannan maganaɗisu bai tsaya a doron ƙasa ba, ya miƙe sama nesa ƙwarai. Ita kuma rana, ban da haske da zafi, kullum tana fesar da wata iska ta ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, furoton da ilektoron, da ke gudun kilomita 400 a daƙiƙa guda a ranar da take kwance, ta kai 800 in ta tsananta. Ƙwayar da ke da caji ba ta iya ƙetare layin maganaɗisu kai tsaye, sai ta karkace. Saboda haka in iskar ta iso, sai ta yi abin da ruwan Binuwai ke yi wa ƙafar gadar Garwa da damina: ya taru ya yi tozo a gaba, ya rabu biyu ya wuce ta gefe, ya bar doguwar jela a baya. Ta ɓangaren da ke fuskantar rana, iyakar garkuwar na nisan kilomita 65,000 ko kusa da haka. Ta ɓangaren dare kuwa jelar ta zarce falakin wata nesa.

Kafin 1958 kusan duk wannan lissafi ne a takarda. A ƙarshen Janairun shekarar Amurka ta harba tauraronta na farko, Explorer 1, ɗauke da na'urar ƙidayar ƙwayoyi ta James Van Allen. In tauraron ya yi sama sosai sai na'urar ta yi tsit, ta nuna sifiri. Da aka harba Explorer 3 a watan Maris aka sami cikakken rikodi, sai aka gane ƙwayoyin ne suka yi mata yawa har ta kasa ƙirgawa. Haka aka fara gano ɗamara biyu ta ƙwayoyi masu ƙarfi da maganaɗisun duniya ya kama ya riƙe, wadda ake kira ɗamarar Van Allen. A shekarar ce kuma Eugene Parker ya fitar da lissafinsa cewa dole rana na busa iska mai tsananin gudu. Manyan masana sun yi masa gardama, har sai da kumbon Rasha Luna ya ɗanɗano iskar a 1959, sannan Mariner 2 ya yi watanni yana auna ta a kan hanyarsa ta zuwa Zuhura a 1962.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa garkuwar ba a toshe take ba. Iskar rana tana zuwa da nata maganaɗisun. A gaban garkuwa, layukan duniya arewa suke fuskanta. In na iskar ma arewa suke kallo, yawancin ƙarfin sai ya zame ta gefe. In kuwa suka juyo kudu, sai layukan biyu su tsinke inda suka haɗu, kowane ya ƙulle da na ɗaya ɓangaren, ƙofa ta buɗe. Iskar sai ta ja waɗannan layuka ta kai su jela, ƙarfi ya yi ta taruwa a can, har jelar ita ma ta tsinke ta watso ƙwayoyi zuwa duniya. James Dungey ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka shafe fiye da shekara hamsin ana neman ganin wurin tsinkewar da na'ura.

Dalilin daɗewar yana da ban sha'awa, kuma shi ya sa ake harba kumbuna huɗu-huɗu maimakon ɗaya. Iyakar garkuwa ba ta tsayawa wuri guda, tana matsowa tana ja da baya da gudun kilomita gomomi a daƙiƙa. In kumbo ɗaya ya ga awonsa ya canza farat ɗaya, ba yadda za a yi a san ko shi ne ya shiga sabon wuri, ko wurin ne ya zo ya same shi, ko kuwa abin ne ya canza ko'ina lokaci guda. Da kumbuna huɗu da aka jera kamar dala mai kusurwa huɗu, sai a duba wanda ya fara gani da wanda ya biyo, daga nan a fitar da gudun iyakar da kaurinta da inda ta dosa. Hukumar sararin samaniya ta Turai ce ta fara wannan da Cluster. Huɗun farko sun ƙone ranar 4 ga Yunin 1996 lokacin da rokar Ariane 5 ta tarwatse jim kaɗan da tashinta. Aka sake ƙera wasu, aka harba su daga Baikonur a Kazakistan cikin Yuli da Agustan 2000. An tsara musu aikin shekara biyu, suka yi ashirin da huɗu. A 2004 aka bayyana cewa sun ga manyan guguwoyi masu faɗin kilomita 40,000 suna naɗewa a gefen garkuwar, suna cusa iskar rana ciki ko da a lokacin da ƙofar gaba take rufe.

Amurka ta bi da THEMIS, kumbuna biyar, a Fabrairun 2007, aka jera su a tsawon jela. Ranar 26 ga Fabrairun 2008 suka kama tsinkewa a nisan kusan sulusin hanyar wata, bayan kamar minti ɗaya da rabi kyamarorin da aka girka a Kanada da Alaska suka ga hasken sama ya ƙara kamawa. Sai kuma MMS, huɗu, a Maris 2015. Waɗannan sun riƙa tafiya kusa da juna, har tazarar tsakaninsu ta taɓa saukowa kilomita bakwai kacal, suna auna ilektoron sau talatin da wani abu a daƙiƙa guda, domin wurin da layukan ke tsinkewa 'yan kilomita ne faɗinsa, kuma cikin ƙiftawar ido yake wuce kumbo. Ranar 16 ga Oktoban 2015 suka faɗa cikinsa. Dungey ya rasu a watan Mayun wannan shekarar, watanni biyar kafin a tabbatar da zancensa a wurin da abin ke faruwa.

Guguwar da kuka ji a rediyo tana tashi ne in maganaɗisun wani baƙin tabo a fuskar rana ya murɗe har ya ɓalle. Abu biyu ke fitowa. Na farko walƙiya ce mai ƙarfi, wadda ke iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu kamar kowane hasken rana. Na biyu dunƙulen iska ne na tan biliyoyi, wanda ke yin kwana ɗaya zuwa uku a hanya, mafi gudu ya iso cikin ƙasa da awa ashirin. Kumbon SOHO mai kallon rana, da aka harba a Disamban 1995, yana ganin tashin dunƙulen. Amma ganin tashinsa bai gaya maka ko maganaɗisunsa arewa zai kalla ko kudu. Wannan sai ya iso wurin masu gadi irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015, da ke zaune kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan ta wajen rana. Daga can zuwa nan kuwa minti goma sha biyar ne zuwa awa ɗaya. Don haka in ka ji an ce babbar guguwa za ta afko jibi, mai maganar bai yi ƙarya ba, amma shi ma bai san ƙarfinta ba tukuna. Sau da yawa ana shelar ta, ta zo ta wuce shiru, domin ta tarar da ƙofa a rufe.

Ta 10 da 11 ga Mayun 2024 ta tarar da ita a buɗe. Ita ce mafi ƙarfi tun shekarar 2003. An ga jan haske a sama har Namibiya da Afirka ta Kudu, manoman Amurka masu taraktocin da GPS ke tuƙawa suka dakatar da shuka. Mu ba mu ga komai ba, kuma da wuya mu taɓa gani. Ƙwayoyin da jela ke watsowa suna bin layukan da ke nutsewa ƙasa kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A wurinmu layukan kwance suke, sun bi ta samanmu daga kudu zuwa arewa ba tare da sun sunkuyo ba. Ko a guguwar 1859, da aka ga hasken har Kuba da Hawai, wuraren da ya kai sun fi mu nisa da tsakiyar maganaɗisu.

Wannan kwanciyar layukan ita ce labarinmu. Ikwaitar taswira ta bi ta Gabon da Kongo, amma ikwaitar maganaɗisu, wato inda allura ke tsayawa daidai ba ta duƙa ko ta wane kai ba, a Afirka ta hauro kusan digiri goma arewa. Garwa na kan digiri 9 da ɗoriya, Marwa 10 da rabi, Njamena 12. Wato ta kanmu ta bi. A tsayin kilomita 100 zuwa 110, hasken rana na cire ilektoron daga iska, kuma saboda layukan a kwance suke, da rana tsaka wutar lantarki na kwarara daga yamma zuwa gabas cikin wani siririn zirin da faɗinsa bai wuce kilomita 600 ba. An fara lura da alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, wadda ta fara aiki a 1922. Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya ba shi yawancin rayuwarsa ta bincike. A ƙarshen shekarun 1960 an jera tashoshin awo daga Chadi zuwa Afirka ta Tsakiya, suka ratsa zirin daga arewa zuwa kudu, kuma sakamakon da Fambitakoye da Mayaud suka fitar daga awon a 1976 har yau masana na komawa gare shi. Ɗalibanmu kaɗan ne suka san an taɓa yin irin wannan aiki a yankin nan namu.

Ƙarfin lantarkin da ke tura wannan ziri shi ke ɗaga iskar mai caji sama da rana, ta gangaro ta taru a gefe biyu, kusan digiri goma sha biyar arewa da kudu da mu. Da magariba kuma sai ya yi wani yunƙuri na ƙarshe ya ƙara cilla ta sama, a daidai lokacin da ƙasanta ke rasa caji don rana ta faɗi. Sai ya zama mai kauri na sama, marar kauri na ƙasa, zaman da ba ya ɗorewa. Ramuka sai su ɓullo daga ƙasa su huda sama ɗaruruwan kilomita. Saƙon rediyon da ya ratso gefen waɗannan ramuka sai ya riƙa rawa, yana ƙarfi yana raunana cikin daƙiƙa. Abin yakan fara bayan sallar isha'i ya kai tsakar dare, ya fi yawa a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, ya kuma fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyarta. Zagayen rana kusan shekara goma sha ɗaya ne, wanda muke ciki ya fara a Disamban 2019, aka sanar da ganiyarsa a Oktoban 2024. Taurarin da suka ƙirga waɗannan ramuka, irin su C/NOFS da ya yi aiki daga 2008 zuwa 2015, sun nuna sararin Afirka da Atilantika na cikin inda suka fi yawa a duniya. Lura kuma cewa ba sai an yi guguwa suke fitowa ba. Guguwa na iya tayar da su, tana kuma iya danne su, ya danganta da ƙarfe nawa ta iso a agogonmu.

Yanzu ga wanda abin ke taɓawa. Yawan rawar saƙo na raguwa sosai in zangonsa ya gajarce. GPS na aiki a kan gigahaz ɗaya da rabi (gigahaz awon saƙon rediyo ne, in ya ƙaru zango ya gajarce), don haka yana jin jiki: wayar hannu na iya kauce wa da wasu mitoci, na'urar mai awon filaye da ke neman daidaiton santimita kuwa tana iya rasa taurarin gaba ɗaya na ɗan lokaci. Shawarata ga masu awo ita ce su yi aikin da ke son daidaito da safe, kada gudun zafin rana ya sa su bar shi sai bayan magariba. Jiragen sama ma abin ya shafe su, shi ya sa hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama da hukumar sararin samaniyar Faransa suka girka na'urorin sa ido a Dakar da Wagadugu da Lome da Duwala da Njamena, don su san halin samanmu kafin a dogara da tauraro wurin saukar jirgi. Masu sauraren sashen Hausa a gajeren zango su kuma walƙiyar ce ke taɓa su. In ta yi ƙarfi da rana, ƙasan wannan iska mai caji sai ya shanye saƙon maimakon ya maido shi, tasha ta ɓace na mintoci ko awa guda, ta dawo da kanta.

Parabol ɗinka kuwa yana karɓar saƙo a kan gigahaz 11 zuwa 12. A wannan zango ramukan ba su da wani tasiri da mai kallo zai lura da shi. Abin da ke cin wannan saƙo ruwan sama ne da hadari mai nauyi, sai kwanon da iska ta karkatar, sai wayar da rana ta gasa ko ruwa ya shiga kanta. Akwai lokaci guda da rana ce da kanta ke da laifi, amma ba guguwa ba ce. Sau biyu a shekara, a wurinmu wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana na bi ta daidai bayan tauraron da kwanon ke kallo, hayaniyar rediyonta ta rufe saƙon. Alamarsa a fili take: sama garau, hoto ya farfashe na 'yan mintoci, a lokaci guda kullum, kwanaki kaɗan a jere, kuma duk unguwa tare. In ka ga haka kada ka taɓa kwanon, don in ka motsa shi sai ka ɓata saitin da ba abin da ya same shi. Gaskiya ne guguwa na iya lalata tauraron kansa, domin a tsayin kilomita 35,786 yana gefen ɗamarar Van Allen ta waje, kuma babbar guguwa na iya matso da iyakar garkuwa har ta bar shi a waje. Irin wannan lalacewa ta sami taurarin Anik E1 da E2 na Kanada a Janairun 1994, lokacin da ilektoron masu ƙarfi suka lalata musu na'urar saiti. Amma in haka ta faru, ƙasashe ne za su rasa hoto tare, ba gida ɗaya a unguwar Domayo ta Marwa ba.

Zafin bazara ba shi da alaƙa da wannan ko kaɗan. Hasken da rana ke aiko mana bai canzawa fiye da kashi ɗaya cikin dubu tsakanin ganiyarta da kwanciyarta, kuma ƙarfin guguwa a sama da kilomita 100 yake ƙarewa. Wajen tsakiyar Afrilu rana ke bi ta tsakar ka a Marwa, ƙasa a bushe, babu gajimare, wannan ya isa.

Batun wuta ya fi buƙatar taka-tsantsan. Guguwa na iya kashe wutar ƙasa: ranar 13 ga Maris 1989 ta jefa mutum miliyan shida cikin duhu na awa tara a lardin Kebek na Kanada, ta 2003 kuma ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu. Yadda abin ke faruwa shi ne, in maganaɗisu ya canza da sauri, sai wata wuta ta shiga dogayen layuka ta ƙasa ta dumama taransifoma. An daɗe ana ɗauka cewa ƙasashen tsakiyar duniya sun tsira daga wannan, sai wani bincike na 2015 ya nuna zirin nan namu na ƙara girman bugun farko da ke zuwa in iskar rana ta daki garkuwa ba zato. Don haka ban ce babu hatsari ba, musamman yanzu da ake maganar haɗa layukan arewa da na kudu da na Chadi, tunda tsawon layi ke ƙara shi. Amma wutar da ke ɗaukewa unguwa-unguwa bisa jadawali a watannin rani, a duba ruwan madatsar Lagdo, wadda ƙarfinta megawat 72 ne in ta cika, a kwatanta da yawan masu bukata. Faifan sola na kan rufi da batirinsa kuwa wayoyinsu sun yi gajarta ƙwarai da guguwa za ta sami abin kamawa.

Inda nake ganin muna da giɓi shi ne awo daga ƙasa. Taurarin Swarm uku da Turai ta harba a Nuwamban 2013 suna auna zirin namu da kyau, amma suna gudun kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa, wato cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu sun ratsa faɗinsa sun wuce, kuma in sun zagayo duniya ta riga ta juya, wani yanki ne a ƙarƙashinsu. Abin da ke faruwa a saman Marwa daga magariba zuwa tsakar dare, na'urar da ke zaune a Marwa ce kaɗai za ta bi shi daƙiƙa bayan daƙiƙa. A 1993 da 1994 an jera irin waɗannan tashoshi daga Kodebuwa zuwa Tumbuktu, aikin ya ƙare aka kwashe yawancinsu. Tashar ba ta bukatar roka: na'urar awon maganaɗisu da za a binne nesa da ƙarfe da hanyar mota, da mai karɓar GPS mai zango biyu, da faifan sola, da wanda zai riƙa duba su yana tura awon. Tazarar Ngaundere zuwa Kusiri ta kai ta ratsa zirin daga gefen kudu zuwa gefen arewa, kuma akwai jami'o'i masu sashen kimiyya a Ngaundere da Marwa da Njamena.